Lambar da Na Rubuta wa Sale

Jiya wani jikan ƙanwata, saurayi har da gemu, ya tsaya a kaina ina sabunta wa mai sayar da dafaffen waken ful allon rumfarsa. Ya gama kallona tsaf ya ce, "Kaka, wai da gaske da rubuta lambar mota ka riƙe gida?" Na ce da gaske. Ya kwashe da dariya, wai ai wannan ko shi zai iya, harafi ɗaya da 'yan lambobi, ka goga fenti ka tashi. Madalla da gwani! Na miƙa masa burushi na ce ya ja mini layi ɗaya miƙaƙƙe a bayan kwali. Abin da ya ja, da maciji ya gani sai ya yi masa sannu da zuwa. To ku matso, ku masu waya a hannu. Tunda kun san komai, bari in ƙara muku ɗan guntun da ya rage.

Sunana Garba, a Kasuwar Umdurman kuwa Usta Garba, wato gwanin sana'a. A Jazira aka haife ni, yankin noma kudu da Khartum, a kambo, wato 'yan bukkokin da ake jera wa leburorin auduga a bakin magudanar ruwa. Ubana ya tsinci audugar wasu har bayansa ya tanƙware. Ni abin da na fito da shi daga can hannu ne kawai, don malaminmu na allo ba ya ɗaukar karkataccen baƙi, da bulala yake miƙe shi. Wannan hannun na kawo birni, nan Umdurman da kogi kawai ya raba ta da Khartum.

A zamanin, ofis ba ya ba ka lambar a ƙere. Takarda za a ba ka, an rubuta harafi da lambobi, sai ka nemo wanda zai fitar maka da su a kan ƙarfe, abin da Larabawa ke ce wa lauha. Launin ƙarfen yana gaya maka ko motar ta gwamnati ce, ko ta haya, ko ta wani mai ƙiba da ba ya son tafiyar ƙasa. Harafin kuwa shi ne garin motar. Kha ta Khartum, Jim ta Jazira, Kasala da nata, Kordofan da nata. Mota ba ta magana, amma kafin direba ya buɗe baki kowa ya san daga inda ta taso, ya kuma yanke hukuncin irin gaisuwar da za a yi masa.

Aikin farko da maigidana Usta Tanimu ya ba ni, ba rubutu ba ne. Tanimu jikan alhazan nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ƙafa ta tsaya musu a Umdurman, shi kuma ya gaji haƙurinsu bai gaji sauƙin halinsu ba. Ya miƙo mini falle guda na kwano da almakashin ƙarfe, ya ce in yanka. Na yanka, na yanke yatsa. Ya duba kwanon bai duba yatsan ba. Daga nan sai zarto, a goge baki kada ya yanki mai wanke mota. Sai sanfefa, sai fentin ƙasa, sai a shanya a inuwa. A inuwa na ce. Wanda ya shanya a ranar Umdurman zai dawo ya tarar fentin ya tashi ƙuraje. Ga rumfarmu daf da layin mahauta, ƙuda kuma ba abin da yake ƙauna irin ɗanyen farin fenti. Damina ta zo ta wuce ina fifita wa ƙarfe da mafici kamar sabuwar mai jego, ban taɓa burushi ba.

Burushin ma ba na kanti ba ne. Tanimu da kansa yake ɗaure shi da gashin wutsiyar jaki, ya datse bakin da reza a karkace, irin fiƙar alƙalami. Fenti a sassauta shi da kananzir, in ya yi ruwa ya zubo hawaye, in ya yi kauri ya ja igiya. Ranar da ya yarda na rubuta lambar farko, ta wata tasi ce. Na zuba duk fasahata, na yi wa harafin wutsiya har da lanƙwasa. Ya ɗauka, ya fita tsakiyar titi, ya jingina ta da bango, ya ja ni muka koma nesa. Ya ce, "Karanta." Na tsaya ina ƙifta ido. Ya ce, "Ya walad, kai yaro, wannan ba layar amarya ba ce. Wanda mota ta buge yana kwance a ƙasa, shi zai karanta ta, kuma ba zai samu lokacin sha'awar wutsiya ba. Kankare." Na kankare.

Masu kawo aiki kuwa, Allah ya yi su iri-iri. Akwai mai son lambobi manya-manya, don surukai su hango shi tun daga kwana. Akwai mai cewa a ɗan matse su, a ɗan sirance, shi dai ba ya son 'yan sandan hanya masu farin kaya da usur su wahalar da idonsu. Wani ya zo da takarda ta ce bakwai, bakinsa ya ce takwas, wai bakwai ba ta karɓe shi ba. Irin wannan Tanimu kan tambaye shi ko yana da wanda zai riƙa kai masa abinci kurkuku, in babu to a bar bakwai. Da ya tsufa ya bar mini rumfar, ya bar mini wannan tambayar, na kuwa yi amfani da ita fiye da almakashi.

Yanzu ku buɗe kunne, don abin da zan faɗa ba ya cikin wayarku. Mutumin kambo ba shi da adireshi, ba ya kuma tambayar na kowa. In zai zo birni neman ɗansa, sai ya sauka a gindin gadar Umdurman, inda wata darbejiya take, ya shimfiɗa tabarma ya zuba wa motoci ido. Bai iya karatu ba, amma ya san Jim kamar yadda ya san akuyarsa cikin garke. Duk motar da ta zo da Jim sai ya ɗaga hannu, direba kuma dole ya tsaya. In bai tsaya ba, labarin zai riga shi isa gida, uwarsa ta ji a bakin ruwa wajen wanki. Sai ka faɗi sunan wanda kake nema da sunan kambonku. Direbobin Jim wuri ɗaya suke ajiye mota, shayin mace ɗaya suke sha, kafin rana ta karkata an kawo maka ɗanka ko an kai ka inda yake. Haka ake aika dawa, haka ake aika gaisuwa, haka ake sanar da mutuwa.

Kha kuwa ba a ɗaga mata hannu. Ba wanda ya kafa doka, mu muka kafa wa kanmu. Motar mutanen birni ce. Ka tsayar da ita a leƙo a ce, "Me kake so, ya Fallati?" sunan rainin da suke kiranmu da shi ke nan, ka rasa inda za ka sa fuskarka. Gara ka wuni a rana.

Sale ɗan Baba Audu, kambonsu na gaba da namu. Yaro ne mai zuciyar nema, ban hana shi wannan ba. Ya yi karen mota, ya yi direban wani, har ya sayi tasa a Madani, babban birnin Jazira, wata shuɗiyar bokis, irin ƙaramar a-kori-kurar nan mai buɗaɗɗen baya. Da Jim ɗinta ya kawo ta, yana jigilar kaya tsakanin kasuwa da masana'antun Bahri, a tsallaken kogi. Duk ranar da ya zauna a bencina sai ƙorafi.

"Usta, motata ta zama jakin gari. Jiya na ɗauko kayan wani attajiri ina sauri, tsohuwa ta ɗaga mini hannu. Na tsaya. Wai in kai wa jikarta busasshiyar kuɓewa. Na wuce kaɗan, wani ya tare ni da tunkiya. Tunkiya fa, Usta! Attajirin ya ce shi mota ya ɗauka, bai ɗauki gidan waya ba."

Na ce, "To kai da ka zo birni, wa ya kawo ka?"

Ya ce, "Wannan da ne."

Gaskiyarsa ɗaya, ba zan ɓoye ta ba. 'Yan kasuwa sun fi ba Kha kaya, wai mai Jim bai san lungu ba. Ko sayar da mota za ka yi, mai saye in ya ga Jim sai ya kwanta a ƙarƙashinta yana neman baƙin taɓon auduga, ya ce hanyar gona ta gama da ita.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ƙi sauka a yamma, mutane suka kwararo birni da tabarmi da tukwane, aka shiga tare motocin da ba na Khartum ba a bakin gada ana tambayar direba me ya kawo shi. Duk mai ɗan'uwan da zai ara masa sunan unguwa ya ruga ya canja takarda. Layi a gaban rumfata har ya toshe wa mahauta hanya. Na kankare Jim na rubuta Kha, na kankare na rubuta, har wuyan hannuna ya kumbura. Ban taɓa samun aiki irin na shekarar ba, kuma ita nake kira muguwa. Mutanen da muka sha ruwan magudana ɗaya, kowa ya wayi gari an haifi motarsa a Khartum. Wani ma ya ce in bar sabuwar ta ɗan yi datti kafin in ɗaura, kada a gane jiya ya zama ɗan birni.

Cikin layin nan na ga Sale. Takardarsa lafiya lau, da hatimi da komai. Sunan ma an yi masa kwaskwarima, ya koma Salah.

Na ce, "Sannu da zuwa, Sayyid Salah. Yaushe aka sauka daga jirgi?"

Ya ce, "Usta, bar wasa. Ka yi mini mai kyau."

"Baba Audu ya sani?"

"Baba ina ruwansa da lamba? Ni dai in huta da masu ɗaga mini hannu. Halas, shi ke nan."

Takarda ta halal, mai mota ya ce a yi, ni kuma sana'ata ke nan. Na zaɓi kwano mai kauri, na ba shi fenti har ya ƙoshi, na ɗaura sabon gashi a burushi. Harafin ya zauna daram. Da na ɗaure ta da kusoshi Sale ya ja baya yana kallo, yana murmushi kamar an ba shi sarauta.

Daga ranar ya daina shan shayi da direbobin Jim. Ya koma ajiye mota can Bahri cikin 'yan Kha, ya canja ɗaki bai gaya wa kowa ba. Hausa ma ta fara yi masa nauyi a baki. Waɗanda suka hange shi a kan gada sun ce ya koyi tuƙin 'yan birni, ido a gaba, wuya a sandare, ba waige. An ce aiki ya buɗe masa ƙwarai. To Allah ya ƙara buɗi, mu me za mu ce?

Wata la'asar ina tsakiyar fitar da lambar wata babbar mota, sai ga Mamman mai lori a kaina. Shi ne babba a direbobin Jim, ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar rumfa sai ka kunna fitila. Ko zama bai yi ba.

"Garba, wace lamba ka rubuta wa ɗan Audu?"

Na faɗa masa. Abin da hannuna ya rubuta ba ya fita daga kaina. Na ce, "Lafiya?"

Ya ce ina lafiya. Baba Audu yana gindin darbejiya kwana da kwanaki, shi da 'yarsa Hajo, ƙanwar Sale. Ciwon nan na masu aikin ruwa ya kama shi, ciki ya kumbura, ƙafafu sun zama sanduna. Direbobi sun kai shi asibiti, likita ya duba ya ba da magani ya ce a mai da shi gida. Dattijo ya gane karatun. Ya ce zai koma, amma sai ya sa Sale a ido, akwai maganar da zai bar masa a kan ƙannensa. Shi ne ya sa aka mai da shi gindin bishiya, Hajo na tare masa motoci.

Na ce, "Kun gaya musu motar ta koma Kha?"

Mamman ya kau da kai. "Wa zai gaya wa dattijo yana kwance ɗansa ya goge garinsu? Kai za ka iya? Mun ce masa Sale ya yi lodi zuwa Kosti, yana hanya."

Kun ji mu, ko? Kunya. Mu mutanen kambo za mu ɗauki mara lafiya a baya, mu ciyar da shi, mu yi masa fifita, amma kalma ɗaya mai ɗaci ta gagare mu. Ƙattin maza, kowa da gashin baki, kullum sai su zo su durƙusa su ce, "Yana hanya, Baba." Su kuma sun bazu suna nemansa a ɓoye, sun leƙa tsohon ɗakinsa, sun zaga Bahri, shuɗiyar bokis kuwa a garin nan ko ba ka nema sai ka yi tuntuɓe da ita. Da Jim ce da tuni an kamo shi, don Jim a Khartum ana ƙirga ta da yatsa. Kha fa? Sale ya zo na ɓoye shi cikin taro, aikin kuma ya yi kyau.

Mamman ya rubuta lambar da alli a ƙofar lorinsa ya fita rarraba wa sauran. Ni kuwa na rufe gwangwanin fenti, na ja ƙyauren rumfa, na nufi gada. Na ce in su sun kasa, ni zan gaya wa yarinyar, ba sai dattijo ya ji ba. Na isa na tarar da wurin tabarma a share. Mai shayin wurin ta ce bayan azahar tsohon ya ce a kai shi gida, shi ba zai mutu a gindin gadar mutane ba. Wani mai Jim da zai koma babu kaya ya shimfiɗa masa buhuna a baya, suka tafi.

Ba a daɗe ba labarin rasuwarsa ya iso, ta hanyar da labari ya saba isowa. Sale dai shiru, lambarsa na jikin ƙofar kowace lori, ba wanda ya ci karo da shi.

Kun san abin da ya kawo shi a ƙarshe? Amalanke. Wata amalanken jaki ta goge shi a kasuwa ta kankare masa gefen harafi. Sai ga shi da hantsi, rigarsa a goge, har da gaisuwar Larabci, yana ce mini, "Ya Usta, kef? Ɗan taɓa mini wannan, ta fara muni."

Na ajiye burushi. Na ce, "Sale, zauna."

Ya ce yana sauri, kaya na jiransa.

Na ce, "Zauna, ɗan Audu. Allah ya yi wa Baba rasuwa. An rufe shi. Ya zo nemanka bai same ka ba."

Hausar da ta yi masa nauyi, a take ta dawo. Salati yake yi yana kiran Baba, ya dafe bencina da hannu biyu. Ban taɓa jin tausayinsa ba sai ranar, kuma haushinsa bai bar ni ba.

Tare muka tafi, don ta'aziyyar Baba Audu ta hau kaina ni ma. Muka kama hanyar Madani a motarsa. Da muka saki kwalta muka bi gefen magudana, yara suka hango mota suka rugo kamar yadda suka saba, suka zo kusa, suka dubi gabanta, suka tsaya cirko-cirko. Ba wanda ya ɗane baya.

Aka yi addu'a a rumfar zaman makoki. Dattawa suka karɓi gaisuwarsa, ba wanda ya ce masa ina ka shiga. Da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. Bayan an shafa sai aka ce Hajo na son gaishe shi. Ta fito bakin zana, lulluɓe da tobinta, babban mayafin nan na matanmu, ta durƙusa.

"Yaya, sannu da hanya. Ya haƙuri?"

Bai amsa gaisuwar ba ya ce, "Hajo, kullum sai na bi gadar nan. Kullum! Don me ba ki tare ni ba?"

Ta ɗago ta dube shi. "Shuɗiya ce? Mai tsagaggen gilashi ta gefen direba?"

Ya ce ita ce.

Ta ce, "Ai muna ganinta, Yaya, duk safiya. Ran farko Baba yana kwance ido a rufe, ya ji ta tana hawa gada, ya ce, Hajo tashi, wannan canjin giyar Sale ne. Na miƙe da gudu, hannuna ya kai nan." Ta nuna kafaɗarta. "Sai na ga lambar. Na ce, Baba, Kha ce. Ya ce, to sauke hannunki, kada ki jawo mana magana."

Ta sauke hannun, ta ci gaba.

"Daga nan in ta zo wucewa sai ya ce in tashe shi zaune, ya bi ta da kallo har ta ɓace. Ran da za mu taho ya ce, Allah ya tsare mai motar nan, ko ɗan waye, tuƙinsa irin na ɗana."

Ta gyara lulluɓinta za ta koma ciki, sai ta lura da ni. Yarinya mai ladabi, ba za ta wuce babba ba ta ce komai ba.

"Baba Garba, an ce aikinka ne. Wallahi ta fita sarai. Tun tana can saman gada nake gane ba tamu ba ce."